Ruwan famfo a Sakkwato: yadda za ka gane nauyinsa, ka tsarkake shi, ka ceci tukwanenka

Duk wanda ya leƙa cikin butar shayi a wasu unguwannin Sakkwato ya san farin ƙanzon nan da ke manne a gindinta, wanda soson ƙarfe ba ya fitar da shi sai da gumi. Mai wanki ma ya san ruwan da ke cinye sabulu ba kumfa, ya bar farar shadda da ƙauri a hannu. Wannan shi ake kira nauyin ruwa, masana kuma su ce taurin ruwa. Sai dai tun farko a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa: nauyin ruwa dukiya yake ci, wato sabulu da bututu da hita, amma abin da ke kwantar da yara da gudawa da taifot daban ne, kuma yakan zo a ruwa garau mai daɗin sha. Maganin ɗaya ba lallai ne ya yi wa ɗayan aiki ba. Saboda haka kada a sayi na'ura ko magani sai an san wace matsalar ce a gidan.

Daga ina ruwanka yake zuwa?

Amsar wannan tambayar ita ce rabin bincike. Kaso mai yawa na ruwan da Hukumar Ruwa ta Jiha ke turowa cikin gari daga Gulbin Rima ake ɗebo shi a tace. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 mai ɗaukar kusan kubik mita miliyan 942, ita ke riƙe da wannan gulbi da rani, kamar yadda madatsar Bakolori ta 1978 ke riƙe da Gulbin Sakkwato. Ruwan gulbi a bisa al'ada ba shi da nauyi sosai. Cutarsa laka ce, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da gulbi ke zuwa jawur.

Ruwan ƙasa kuwa halin dutsen da ya ratsa yake ɗauka. Ƙarƙashin Sakkwato da kewayenta akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa da masana ke kira da sunan Kalambaina, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a can. Ruwan sama na narkar da wannan dutse a hankali, ya kwashi kalsiyam da magniziyam, ya zama mai nauyi. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar Dange mai yumɓu da wani farin ma'adini mai laushi da ake kira jifsam, wadda ke ba ruwa zartsi da wani nauyin da tafasawa ba ta cire shi. Idan aka nutsa ƙasa sosai zuwa yashin Wurno da Taloka, abin da aka fi cin karo da shi ƙarfe ne, ruwan da ke fitowa fes amma ya koma ja bayan ya kwana. Ta yamma kuma, inda yashin Gwandu ya hau sama, ruwan ya fi sauƙi, wani lokacin har ya ɗan yi tsami ya riƙa cin bututun ƙarfe. Shi ya sa gida biyu a layi ɗaya, ɗaya da rijiya ɗaya da burtsatse mai zurfi, za su iya shan ruwa iri biyu.

A tambayi mai gidan haya ko wanda ya haƙa burtsatsen zurfinsa. A tambayi mai kura inda yake ɗiba, don jarkar yau ba lallai ta fito daga inda ta jiya ta fito ba. Gidan da ke haɗa ruwan hukuma da na burtsatse a tanki ɗaya sai ya gwada kowanne daban kafin su haɗu.

Gwajin da za a yi a gida

Mataki na farko ido ne da hanci. A bar famfo ya zuba na minti biyu, a cika farin kofin gilashi, a ɗora shi kan takarda mai rubutu, a leƙa ta sama. In ba a iya karanta rubutun sosai, akwai laka. In ruwan ya fito fari kamar an ɗiga madara amma ya washe daga ƙasa zuwa sama cikin minti biyu, iska ce kawai, ba komai. A rufe kofin a bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta launin ƙasa laka ce. Ja ko ruwan goro, tare da ɗanɗanon tsatsa, ƙarfe ne. Baƙi-baƙi manganis ne, wani ma'adini ɗan'uwan ƙarfe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna ruwan ya daɗe ba iska, ko dai a ƙasa ko a gindin tanki. Ɗan warin kulorin a ruwan hukuma kuwa alheri ne, alamar maganin ya iso har gida.

Mataki na biyu gwajin sabulu. A samu gorar ruwa biyu iri ɗaya masu murfi. A zuba ruwan gida zuwa sulusin ɗaya, a zuba ruwan sama ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗinsa ba, zuwa sulusin ɗayar. A kankare sabulun wanki na sanda ko sabulun salo, a narkar da shi a ɗan ruwan ɗumi, a ɗiga goma a kowace gora, a girgiza na daƙiƙa goma sha biyar. Ruwa mai sauƙi zai tada kumfa mai tsayi ya bar ƙasan garau. Mai nauyi zai yi fari kamar madara, kumfarsa 'yar kaɗan, da wasu guda-guda suna yawo. Inda mutane ke kuskure shi ne amfani da omo ko sabulun wanke-wanke na ruwa. Waɗannan an haɗa su ne don su yi kumfa a kowane ruwa, ba za su nuna komai ba.

Mataki na uku shi ke faɗa maka irin nauyin. A tafasa lita ɗaya na minti goma a tukunya mai tsabta, a bar shi ya huce, a tsiyaye saman a sake gwajin sabulu da shi. In yanzu kumfa ta tashi, kuma an ga farin gari a gindin tukunya, nauyin na farar ƙasa ne, wanda zafi ke saukar da shi. Don tabbatarwa a ɗiga khal ko ruwan lemun tsami a kan garin, zai yi ta tsartuwa yana kumfa. In kuwa an tafasa kuma sabulu ya ƙi, to nauyin na jifsam ne, ko an ƙarar da buhun gawayi ba zai sauka ba. Yawanci ana samun duka biyun a haɗe, ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Mai son lamba ya nemi takardar gwajin nauyi da ake tsomawa, ko kwalbar gwaji ta ɗigo, a wurin masu sayar da kayan tace ruwa. Ana auna nauyi da miligiram a lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai sauƙi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai nauyi, sama da 180 mai nauyi ƙwarai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, ya tsayar da iyaka a 150. In takardar gwajin ta zo da ma'aunin Jamus, a ninka lambar da 17.8 a samu miligiram.

Ga wani gargaɗi game da ƙaramar na'urar nan mai kama da biro da ake kira TDS. Jimillar duk gishirin da ya narke take aunawa, ba nauyi kaɗai ba, kuma sam ba ta ganin ƙwayar cuta. Iyakar Najeriya 500 ce. Ruwan da ya nuna 80 zai iya ɗauke da kwalara, wanda ya nuna 400 kuma ya zama lafiya lau. Masu tallar na'urar tacewa kan tsoma ta a kofi su tsorata maigida da lambar. Amfaninta na gaskiya shi ne bibiya: a auna duk wata a rubuta, ranar da lambar ta yi tsalle ba dalili a san wani abu ya shiga ruwan.

Gwajin ɗakin bincike

Duk mai rijiya ko burtsatse ya kamata ya kai ruwansa gwaji sau biyu a shekara, a ƙarshen rani wajen Afrilu lokacin da gishiri ya fi taruwa, da tsakiyar damina wajen Agusta lokacin da ƙazanta ta fi kutsawa. A tuntuɓi Hukumar Ruwa ko sashen ilimin sinadarai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ji inda ake karɓa. Don gwajin sinadarai, a ɗauraye gorar lita ɗaya sau uku da ruwan da za a gwada, a cika ta taf a rufe. Don gwajin ƙwayoyin cuta, su za su ba da kwalba tsarkakakkiya. Kada a taɓa bakinta ko cikin murfin, a sa ta a kula da ƙanƙara, ta isa cikin awa shida. Samfurin da ya yini a but ɗin mota cikin zafin Sakkwato ya tashi daga aiki.

A nemi su auna waɗannan, a kwatanta da iyakar ƙasa: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5, duhun laka kada ya wuce 5, sai a miligiram a lita: ƙarfe 0.3, manganis 0.2, naitiret 50, fuloraid 1.5, dalma 0.01, ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwan, sifili a cikin mililita 100. A kula da naitiret ƙwarai, musamman a rijiyoyin tsofaffin unguwanni masu cunkoso inda masai ke kusa, da na bakin fadama inda ake zuba taki. Ba shi da launi ba shi da ɗanɗano, yana da haɗari ga jaririn da ake dama wa madara da ruwan, kuma tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi domin ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan. Rijiyar da ta wuce 50 a bar ta ga wanki da ban ruwan shuka.

Tsarkake ruwan sha, bi da bi

Famfon da ke zuwa yana ɗaukewa shi ne babbar ƙofar cuta. Idan aka ɗauke ruwa, bututu kan zama fanko ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage, kuma kowa ya ga yadda bututun roba ke ratsa kwata a lunguna. Don haka ranar da ruwa ya dawo, a bar na farko ya zuba a bokiti na minti biyar ko har ya washe, a yi shara ko ban ruwa da shi. A bi layin gidan daga babban bututu, duk inda aka ɗaure da robar taya a yanke a sa sabon mahaɗi, a ɗaga shi daga kwata. Haɗa injin jan ruwa kai tsaye a bututun hukuma yana ƙara wannan zuƙar, ga shi yana hana maƙwabta ruwa. Daidai shi ne ruwa ya zuba da kansa a tankin ƙasa, inji ya ɗaga daga nan.

In ruwan na da laka, sai an kwantar da ita tukuna, domin laka na cinye kulorin kuma tana ɓoye ƙwayoyin cuta. A duro mai lita 200, a daka alif a narkar da cokalin shayi ɗaya, kimanin giram biyar, a kofin ruwa, a zuba, a juya da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na minti biyar, a bar shi awa biyu. In bai washe ba a ƙara rabin cokali. Al'adar jefa dunƙulen alif a bar shi a ciki ba ta da kyau, tana sa ruwa tsami da ɗaure baki. Wanda ba shi da alif ya ɓare busassun 'ya'yan zogale, ƙwara ɗaya ga kowace lita in ruwan ya yi kauri, ya daka lukui, ya yi yadda aka yi da alif, amma a yi amfani da wannan ruwan a ranar. A tsiyaye saman da tiyo, kada a motsa gindin.

Ruwan da ya washe ba shi ne ya tsarkaka ba. Hanya mafi tabbas tafasawa ce, ya yi ta ɓararraka na cikakken minti ɗaya, ya huce a rufe. Mafi arha kuma kulorin. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 na yi wa jarka mai lita 20 ta ruwa garau. Ruwan WaterGuard a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar. In bilicin wanki ne kawai a hannu, ya zama marar turare marar sabulu, mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari: mililita ɗaya da ɗigo biyu-uku ga lita 20, ko mililita 55 zuwa 60 ga tankin lita 1,000. A auna da sirinji, kada a kimanta da ido. A juya, a jira minti talatin. In an ji ɗan warin kulorin ya yi. In babu ko kaɗan a maimaita sau ɗaya. Bilicin da ya daɗe a rana ƙarfinsa ya ragu, a sayi sabo a ajiye a inuwa.

Sai ajiya, inda aikin mutane da yawa ke rushewa. Randa na sanyaya ruwa fiye da komai a watan Afrilu, amma moɗar da kowa ke tsomawa da hannu tana mayar da duk abin da aka kashe. A sa wa randa murfi, a rataye moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, ko a sa mai gyara ya huda ta ya sa mata kan famfo. A wanke ta duk kwana uku. Baƙin tankin da ke kan rufi kuwa zafi na korar kulorinsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka ruwan da ya yi kwana huɗu a sama a sake masa magani kafin a sha.

Tanki na son wanki duk wata shida, ɗaya daga ciki bayan damina. A zubar da ruwan, a kwashe lakar gindi, a goge bango da buroshi mai dogon hannu, a ɗauraye. A zuba ruwa zuwa rubu'i, a sa garin kulorin mai ƙarfi giram 80 ga kowace lita 1,000, ko bilici kimanin lita ɗaya da rabi, a cika, a buɗe kowane famfo har a ji wari a rufe, a bar shi awa 24. A zubar da shi nesa da shuka, a ɗauraye, a cika sabo. Kada kowa ya shiga cikin tanki alhali akwai kulorin, kuma kada a taɓa haɗa bilici da khal ko wani abu mai tsami, hayaƙin da ke tashi na ƙona huhu. A duba murfi ya zauna daram, a ɗaure bakin bututun ambaliya da raga saboda ƙadangare da sauro.

Ruwan ƙarfe maganinsa iska ce. A sa ruwan burtsatse ya faɗo cikin tankin farko ta kan shawa ko bututu mai huji daga tsayin kamu biyu, ya kwana ɗaya ko biyu, ƙarfen ya zama tsatsa ya kwanta, sannan ya wuce ta matatar yashi zuwa tanki na biyu. Mafitar tankin farko ta kasance taƙi ɗaya sama da gindi, da wani famfo a can ƙasa na zubar da jar lakar duk mako. Wanda ya sa 'yar matatar zare kai tsaye a kan irin wannan ruwa zai riƙa canza ta duk kwana kaɗan.

Zama da ruwa mai nauyi

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa nauyin ruwa iyaka ta fuskar lafiya ba, domin kalsiyam da magniziyam abubuwa ne da jiki ke buƙata. Ana yawan ɗora masa laifin tsakuwar ƙoda, amma a garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ƙarancin shan ruwa ya fi zama abin tsoro. Wanda likita ya ba wa umarni na musamman ya bi na likita. Ga sauran jama'a, in ruwan ya tsarkaka kuma bakinka ya karɓe shi, a sha.

Ƙanzon buta da hita kuwa asid ke cin sa. A haɗa khal da ruwa rabi da rabi, ko cokalin cin abinci biyu na garin sitirik, wato asid irin na lemun tsami, a lita ɗaya, a rufe ƙanzon da shi, a ɗumama, a bar shi awa ɗaya, a ɗauraye sau biyu. Kan shawar da hujinsa ya toshe a kwance shi ya kwana a khal. Kada a kankare ƙarfen hita da wuƙa. Ƙanzo na hana zafi fita, shi ke sa ƙarfen ya ƙone kuma wuta ta tafi a banza, don haka hitar wanka a tsayar da ita wajen digiri 60, kada a kai ta ƙarshe.

Wajen wanki, omo ya fi sabulun sanda jure nauyi. Mai son sabulu ya fara narkar da cokalin shayi ɗaya zuwa biyu na sodar wanki a bokitin lita 20, ya jira minti goma kafin ya sa sabulu. Jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace tana yin kusan wannan aikin, shi ne ma sirrin da ya sa take nunar da waken da ya ƙi dahuwa a ruwa mai nauyi. Wannan na wanki ne, ba a zuba shi a ruwan sha.

Akwai wuraren da ruwan famfo bai kamata ya shiga ba ko kaɗan: batirin inbata da na mota, lagireto, da dutsen guga mai tururi. Batir ruwansa na musamman kawai. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da nauyi, ya dace da dutsen guga da goge gilashin sola, amma ba a sha. Gilashin sola in an wanke shi da ruwa mai nauyi da rana tsaka, ruwan zai bushe ya bar farin tabo mai rage wuta. A wanke da asuba a share da roba nan take.

Ruwan sama ma dukiya ce da ake bari tana bin kwata. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu milimita 600, zai iya tara kusan lita 48,000 bayan an cire asara. A bar ruwan farko da na biyu su wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, kuma a kowane ruwa a zubar da bokiti biyu-uku na farko.

Na'ura sai in gwaji ya nuna buƙata. Mai sauƙaƙa ruwa ta gishiri tana musanya kalsiyam da sodiyam a kan wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gero da ke cikinta. Lita ɗaya ta ƙwayoyin na ɗauke kimanin giram 50 na nauyi. Ke nan na'ura mai lita 25, a ruwa mai nauyin 300, za ta sauƙaƙa kusan lita 4,000 kafin a wanke ta da gishiri kilo uku zuwa huɗu. Gidan da ke shan lita 500 a rana zai yi wannan wankin duk kwana takwas. Ba ta kashe cuta, ƙarfe na lalata ƙwayoyinta in ba a cire shi tukuna ba, kuma tana ƙara sodiyam kusan miligiram 46 a madadin kowane 100 na nauyi, don haka a bar famfon kicin ɗaya bai bi ta cikinta ba saboda masu hawan jini da jarirai. Na'urar RO, mai matse ruwa ta cikin wata siririyar fata, ita ke cire zartsi da naitiret da fuloraid, amma ƙaramar ta gida na zubar da lita uku ko fiye kafin ta ba da ɗaya, tana son wuta, kuma ruwa mai nauyi na toshe fatarta da wuri. A sa ta a kicin don sha da girki kaɗai, a canza matatun gabanta duk wata uku zuwa shida, a jawo tiyon ruwan da take zubarwa zuwa duro don wanke tsakar gida da ban ɗaki.